Neman kalmar Hausa: idan mujalla ta ce a daina kafa hujja da bincike

Jama'ar Zango, ga inda muka kwana kan kalmar retraction da na kawo muku. Ina fassara labaran lafiya ne a wani gidan rediyo nan Kumasi, kalmar ta tsaya mini a wuya. Mujallar kimiyya ce za ta buga bincike, daga baya ta fito ta ce kada kowa ya sake dogara da shi.

Da farko na rubuta "janyewa". Sai na tuna da Andrew Wakefield, wani likita ɗan Ingila. A 1998 mujallar Lancet ta Ingila ta buga bincikensa kan yara 12, jaridu suka yi ta yayata cewa rigakafin ƙyanda na MMR na iya jawo galahanga (autism), iyaye suka tsorata. Ɗan jarida Brian Deer na Sunday Times ne ya bi diddigi ya tono ɓarnar. Sai a 2010 Lancet ta cire hannunta, aka kuma ƙwace wa mutumin lasisin likita. To a ce wannan "janyewa" ne, kamar ɗan takara ya janye wa ɗan'uwansa? Kalmar ta yi masa sutura, ni kuwa ba na son in suturta wanda ya sa aka ƙi yi wa yara allura.

Wata 'yar'uwa daga Aboabo ta kawo "lashe amai". Hajiya, kin yi dabara, amma ta ƙunshi gori, alhali akwai masanin da shi da kansa zai gano kuskurensa ya kai ƙarar kansa. Wannan yabo ya kamace shi.

Nan ne wani dattijo a Asawase ya warware mini. Muna zaune bayan La'asar, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yaro, malami idan ya ga fatawarsa ba daidai ba, ruju'i yake yi. Alƙali kuwa soke shaidar zur yake yi." Na ce, Baba, Allah ya ƙara girma, ashe kalma biyu nake nema.

Don haka mun tsayar: "ruju'i" idan mai binciken ne ya dawo da kansa, "soke bincike" idan mujalla ce ta kama ƙage ko satar fasaha. A 2023 kaɗai an cire bincike sama da 10,000, kuma ba kasafai jaridun da suka yi shelar sakamako ke komawa su ba da labarin sokewar ba. Daga wannan makon zan fara faɗin "an soke" a cikin kanun labarai.