Zumar mapul ta Kanada: yaya iyali ke rayuwa da sana'ar mako shida?

Ummu_Haidar

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ganyen nan da ke jikin tutar Kanada na bishiyar mapul ne, kuma an ce daga ita ake samun zumar da suke zubawa a kan fanke. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, an ce tatsar ba ta wuce mako shida a shekara. To yaya gida guda a ƙauye zai dogara da ita? Kuma da gaske ne manomi a lardin Kebek na Kanada ba shi da ikon sayar da kayansa ga wanda ya ga dama? Masana a taimaka mana dalla-dalla.

Malam Ɗanjuma

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mako shidan ma sai an yi sa'a, wata shekarar huɗu ne. Bishiyar ba ta ba da ruwa sai dare ya daskare, rana kuma ta narke, misali digiri 5 ƙasa da sifili da dare, digiri 5 sama da sifili da rana. Sanyin dare ke sa ta janyo ruwa daga saiwa, ɗumin rana ya tara matsi a cikinta ya turo shi waje ta ramin da aka huda. Hakan na faruwa ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Da zarar ta fara toho ɗanɗanon ruwan ya ɓaci, kaka ta ƙare ko da yana ci gaba da zuba.

Ba a huda bishiya sai kaurinta ya kai santimita 20 zuwa 25 daidai ƙirjin mutum, wato ta kusa shekara 40. Shi ya sa kurmin mapul gado ne, ba abin da mutum zai shuka ya ci da kansa ba. Faɗin ramin milimita 8, zurfinsa santimita 4 zuwa 5, a ɗan karkata shi yadda ruwan zai gangaro. A buga bututun a hankali, in an matsa da guduma ɓawon ya tsage, ruwa ya riƙa bin jikin bishiya. Kowace shekara sabon rami ake yi, nesa da na bara da aƙalla santimita 10 zuwa 15, domin itacen da ke kewaye da tsohon rami ya riga ya mutu, ba ya ɗaukar ruwa. Mai haɗama da ke yi wa ƙaramar bishiya rami uku, nan da 'yan shekaru zai rasa wurin hudawa mai rai.

Bokiti yanzu sai ƙananan gonaki da masu nuna wa baƙi. Sauran tiyo ne na roba daga bishiya zuwa bishiya, ya haɗu da babban bututu har ɗakin dafawa, injin zuƙa yana ja. Ƙaramar ɓula ɗaya tana rage ƙarfin zuƙar layi gaba ɗaya, kurege kuwa ba shi da aiki sai gaigayar tiyo, don haka kullum sai wani ya bi layi a cikin dusar ƙanƙara yana saurarar inda iska ke shiga. Dafawa ce kawai mako shida. Sarar itacen wuta, gyaran tiyo da huda dubban bishiyoyi tun Janairu suna cin watanni. Gidaje da yawa kuma suna haɗawa da kiwon shanun madara ko sana'ar katako.

Injiniya_Bashir

Malam ya gama da daji, bari in shiga ɗakin wuta. Ruwan da ke fitowa sukarinsa kashi 2 zuwa 3 ne cikin ɗari, zuma kuwa doka ta ce sai ta kai kashi 66. Kusan lita 40 ke ba da lita ɗaya. Wanda ya san dahuwar mazarƙwaila ya san rabin aikin: faffaɗan kasko, wuta mai ƙarfi, ido a kai. Sai dai su kafin a kai wuta akwai injin da ke matse ruwan ta wata tata mai laushi. In ya ɗaga sukari daga kashi 2 zuwa 8, ya zubar da kashi uku cikin huɗu na ruwan ke nan, itacen da za a ƙona ya ragu sosai.

Zumar ta nuna in tafasarta ta wuce ta ruwa da digiri 4, kusan 104. Kada a riƙe 104 kamar aya. Tafasar ruwa na sauyawa da yanayin iskar ranar, don haka a auna ta kowace safiya a ƙara 4. In ba ta kai 66 ba za ta yi tsami ko fumfuna a gwangwani, in ta zarce 68 sukari ya daskare a gindi. Zurfin ruwa a kasko kada ya gaza santimita 4 zuwa 5, in ya yi ƙasa kasko ya ƙone cikin minti kaɗan. Ruwan da ya kwana a tanki ranar ɗumi ƙwayoyin cuta sun fara cinsa, zumarsa za ta fito baƙa ko mai yauƙi. Sai tace yashin sukari, wani gari na ma'adinai da ke kwanciya lokacin dahuwa, sannan a ɗura da zafinta, digiri 85, a gwangwanin nan nasu na mililita 540.

Barista Hauwa

Ummu Haidar, tambayarki ta biyu gaskiya ce, amma da sharaɗi. Kebek ke samar da kusan kashi 90 na zumar Kanada, kashi 70 da ɗoriya na duniya. Manoman suna da ƙungiya tun 1966, wadda yanzu ake kira PPAQ, kuma dokar lardin ta ba ta ikon da ya hau kan kowa, ɗan ƙungiya da wanda ba ya so. Tun 2002 duk zumar da ke cikin mazubin da ya wuce lita 5 ta hannun ƙungiyar ake sayar da ita, tun 2004 kuma kowace gona tana da kason da aka yanka mata na yawan zumar da za ta samar. Abin da manomi ya ɗura a ƙananan gwangwanaye ya miƙa wa mai sha kai tsaye a ƙofar gonarsa, wannan nasa ne.

Dalilinsu a fili yake. A 2022 lardin ya samu kusan kilo miliyan 96, a 2023 ya faɗo kusan 56, a 2024 ya haura 108. Ba gidan da zai biya bashin banki da irin wannan hawa da sauka in an bar farashi ga kasuwa. Sai suka yi rumbu, babbansa a garin Laurierville: shekarar yalwa a adana gangunan zuma, shekarar fari a fitar. A 2021 sun fitar da kusan kilo miliyan 22. Farashi na zama daram, banki na yarda ya ba da rance. Ni dai a ganina wannan ne ya hana manyan 'yan kasuwa kaɗan da ke saye su murƙushe ƙananan gonaki.

Malam Ɗanjuma

Barista, kin faɗi daɗin, ba ki faɗi ɗacin ba. Zumar da ta shiga rumbu ba a biyan mai ita sai an sayar, wani ya jira shekaru. Wanda ya kai ganga lardin New Brunswick a ɓoye tara ce mai nauyi, har da ƙwace kaya, kuma yankin Beauce na Kebek ya yi suna da masu wannan tawaye. Saurayin da ke son farawa sai ya jira a raba sabon kaso ko ya sayi gona mai kaso da tsada, alhali manoman Vermont da New York a Amurka suna cin moriyar tsayayyen farashin ba tare da takunkumi ba. Rahoton da gwamnatin lardin ta sa aka yi a 2016 ma ya ba da shawarar a soke kason, manoma suka yi zanga-zanga, aka bar shi. Satar zumar rumbu da aka yi daga 2011 zuwa 2012 a ma'ajiyar Saint-Louis-de-Blandford, kusan tan 3,000 na dalar Kanada miliyan 18, inda aka cika wasu gangunan da ruwa, ba ta yiwu ba sai don akwai kasuwar bayan fage da ke jira.

Abin da ya fi damun duka ɓangarorin shi ne lafiyar dajin. Ruwan sama mai asid na shekarun 1980 ya wanke kalsiyam daga ƙasa, bishiyoyi suka riƙa bushewa daga sama, har yau wasu na zuba farar ƙasa don gyara. Guguwar ƙanƙara ta Janairun 1998 ta karya kawunan bishiyoyi a kudancin Kebek da gabashin Ontariyo. Yanzu kuma ɗumamar yanayi: kaka na farawa da wuri, kwana uku na zafi a tsakiyar Maris na iya rufe ta. Dokar Kebek ta 1978 ta kare kurmin mapul da ke yankin noma daga sara, amma a dajin gwamnati rigima ake yi tsakanin masu zuma da kamfanonin katako kan wa zai samu fili.

Ummu_Haidar

Allah ya saka da alheri. Ƙarin tambaya: in an gayyaci mutum ɗakin dafawar nan lokacin kaka, abincin ya halatta?

Barista Hauwa

Ki tambaya kafin ki zauna, 'yar'uwa. Al'adar taron dangi ce a Maris da Afrilu, dogon tebur, miyar wake, ƙwai, gasasshen wake da zuma. Amma naman alade ya ratsa kusan komai, har cikin miyar da waken, kuma soyayyar fatarsa na cikin abin da aka fi sani. Wasu wuraren kusa da Montiriyal suna dafa marar alade in an sanar da su da wuri. Ita zumar kanta, da can da kitsen alade ake kwantar da kumfar kasko, yanzu galibi ɗigon man tsiro ne, tambaya ɗaya ta wadatar. Alewar da yara ke rububi ba matsala: zuma ce zalla, a dafa ta zuwa digiri 113 ko 114, a zuba layi-layi a kan dusar ƙanƙara mai tsabta, a jira daƙiƙa kaɗan, a naɗe da tsinke.