Ina son haɗa ɗan ƙaramin samfurin jirgin yaƙin da na yi aiki a cikinsa, ta ina zan fara?

Tsohon_Sojan_Ruwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tsohon sojan ruwa ne, na yi aiki a cikin NNS Aradu, mai lamba F89, kuma tun da na yi ritaya abu ɗaya ke raina, ina so in haɗa ɗan ƙaramin samfurinsa da hannuna in ajiye, saboda jikokina in na ce musu jirgin ya kai mita 125 da 'yan kai sai su riƙa kallona kawai, hoto kuma ba ya nuna musu inda nake kwana da inda nake tsayawa gadi. Na duba irin waɗanda ake sayarwa a kwali a haɗa, jiragen yaƙin ƙasashen waje irin su Bismarck da Yamato da Missouri ne ko'ina, namu ban gani ba. To shin in sayi wani makamancinsa in gyara, ko in faro daga katako? Kuma wane girma ya dace da wanda idonsa ya fara rauni? Ina da hotuna nawa na kaina, kuma wallahi jirgin nan ko ido rufe zan zagaya shi.

MaiSassaƙa:

Wa alaikumus salam Oga, Allah ya ƙara lafiya. Fara da girman tukuna don shi zai yanke maka sauran. Raba tsawon jirgin kawai: a ma'aunin 1/700 zai fito kusan santimita 18, a 1/350 kusan 36, a 1/200 kusan 63, a 1/100 kuma ya wuce mita ɗaya da kwata. Tunda ka ambaci ido, ka manta da 1/700 gaba ɗaya. Ko a 1/350 mutum tsaye milimita 5 ne, shingen ƙarfen gefen jirgi kuma wajen milimita 3, da hantsaki da gilashin ƙara girma ake manna shi, in ka yi atishawa ya tafi. Ni 1/200 zan ce maka. Faɗinsa zai zo santimita 7 da rabi, hannu na kama shi, kuma ƙofofi da tsani da wurin da kake tsayawa gadin nan duk za su fito yadda yaro zai gane.

Gangar jirgin kuma hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce ta jera katako falle-falle, kowane falle ka yanke shi da siffar jirgin a wannan tsayin, ka manne su da gam ɗin katako, sai ka bi matakalar da ta fito a gefe da magagari da samfefa har ta yi sumul. Katako mai laushi maras jijiya ka nema. Katakon balsa maras nauyi na yankuwa da sauƙi amma farce ma lotsa shi yake, sai ka rufe shi da fila sosai kafin fenti. Ginin sama duk da fallen roba ake yi, ka ja layi da wuƙa ka karya, yana tsagewa a miƙe.

Injiniya_Ritaya:

Ranka ya daɗe, ni ma ruwa na yi, a ɗakin inji, duk da ba jirginku ba. Magana ɗaya taka ce ta tsaya mini, da ka ce ko ido rufe za ka zagaya shi. Gaskiya ne, amma ka yi hankali da ita. Wanda ya zauna cikin jirgi ya san shi daga ciki, ya san ƙofar da ke cijewa da tsanin da ke bugun gwiwa, amma tsayin bututun hayaƙi in aka gwada da ɗakin tuƙi, ko nisan igwa daga goshin jirgi, wannan ƙwaƙwalwa ƙara masa take ko ta rage, wurin da ka fi daɗewa a cikinsa shi zai fi girma a kanka. Don haka awo daga hoto, ƙananan abubuwa daga ƙwaƙwalwa. Ka nemi hoton da aka ɗauka daga gefe sak kuma daga nesa, na kusa yana lanƙwasa siffa, ka buga shi a takarda har tsawonsa ya kai santimita 63 ɗin nan, shi ke nan duk abin da ka aza rula a kai shi ne awonka.

Na biyu, ka zaɓi shekara guda. Jirgin da kamfanin Blohm & Voss ya ƙera a Hamburg ya fara aiki a 1982 ba daidai yake da wanda ya je Portsmouth a 2005 bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar ba, a shekaru irin waɗannan ana sauya eriya, ana sauya kwale-kwale, fenti ma na canzawa. Ka gina na lokacinka, kar ka haɗa hoton wannan zamani da na wancan, abokan aikinka na zuwa za su gane.

Sannan don Allah ka tsaya kan hotunanka da abin da aka wallafa a fili. Kar ka sa wani yaro da ke bakin aiki ya ɗauko maka zanen jirgi daga ofis, ka jefa shi a matsala a kan abin ado.

Ɗan_Fenti:

Baba sannu da ƙoƙari. Ƙarin haske in hotunanka ba su isa ba, Ajantina ta sayi jirage huɗu 'yan gidansu ɗaya da naku, ƙirar da ake kira MEKO 360, wato Almirante Brown da La Argentina da Heroína da Sarandí, kamfani ɗaya ya ƙera su kuma hotunansu sun cika intanet har da waɗanda aka ɗauka a wurin gyara ba ruwa, inda ake ganin farfela biyun da ƙasan jirgin. Siffar gangar za ta taimake ka sosai. Amma injinansu ba ɗaya ba ne, naku dizal ne haɗe da tabain na gas, nasu gas ne zalla, don haka wajen bututun hayaƙi da kafofin shan iska ka koma kan hoton naku.

Wani daɗin kuma, tsarin MEKO ɗin dama makaman a akwati-akwati ake sa su, kai ma haka za ka yi. Babbar igwar gaba mai milimita 127 daban, tagwayen milimita 40 guda huɗu daban, akwatunan makamai masu linzami na Otomat daban, ka fente kowanne a gefe sannan ka ɗora. Masu maimaituwa irin na 40 ɗin ka yi ɗaya mai kyau a buga maka sauran da injin 3D, in ba haka ba huɗun ba za su taɓa fitowa iri ɗaya ba.

Fenti kuwa kar ka sa ruwan toka mai duhu irin wanda ka saba shafawa a jirgin, a ƙaramin abu duhu yake yi, ka ɗan sirka da fari. Ja a ƙasa, baƙin layi a daidai bakin ruwa. Kuma ni a ganina ka sa ɗan tsatsa ƙarƙashin anga, jirgi ba tsatsa kamar abin wasan yara yake.

Tsohon_Sojan_Ruwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 1/200 ɗin na ɗauka. Injiniya ka faɗi gaskiya, na auna a hoto na ga wurin saukar helikwafta bai kai yadda nake tunaninsa ba. Amma ɗana, maganar tsatsa ban yarda ba. Mu muka riƙa kankare ta muna bi da fenti cikin rana, hannunmu ya san wahalarta, ba zan zauna in zana ta da buroshi a jirgina ba. Yadda yake fita ranar fareti haka zan yi shi.

MaiSassaƙa:

Oga jirginka ne, kuma gidajen tarihi ma yawanci tas suke yin nasu. Abin da ya rage, tun kafin ka rufe gangar ka huda ƙasa wuri biyu ka dasa noti a ciki don ƙafafun da zai zauna a kai, in ka bari sai an gama fenti za ka juya shi kife ka karya eriya. Shingen gefen jirgin, na tagulla, da sufa gulu ake kama shi, ɗigo kaɗan a bakin allura, kuma ka bar gam ɗin ya bushe sarai kafin ka sa shi a akwatin gilashi, tururinsa na barin farin hazo. Akwatin ma ka tanade shi da wuri don ƙura in ta shiga tsakanin eriyoyin nan gogewa sai da ɓarna, kuma kar a ajiye inda rana ke bugawa. In ka yanka fallen farko ka turo mana hoto mu duba layin goshin kafin ka sa gam.