Littafin Russell kan tarihin falsafar Yamma: ya isa ga mai farawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai. Ina son shiga falsafar Turawa tun daga tushe, aka ce in fara da littafin Bertrand Russell, A History of Western Philosophy. Ya isa shi kaɗai? Kuma ta ina ake kama shi, ganin kaurinsa?

Mai nazari:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Littafin ya fito a Amurka a 1945, a Ingila kuma a 1946. Kashi uku ne: zamanin da, babi 30, zamanin cocin Katolika, babi 15, zamanin baya-bayan nan, babi 31. Kada ka ɗauke shi daga bango zuwa bango, a nan mutane ke sarewa. Fara da babukan Aflatun da Aristo, ka tsallaka zuwa Descartes, Locke, Hume da Kant. Babi biyu a mako ya wadatar. Duk babin da ka gama, rubuta layi uku: me mutumin ya yi da'awa, wace hujja ya kafa, me Russell ya soka. Wannan rarrabewar ita ce aikin, domin Russell yakan cakuɗa bayani da ra'ayinsa a sakin layi ɗaya, sai ka haddace sukarsa kana zaton maganar Kant ce.

Tsohon ɗalibi:
Haka ne Malam, amma a faɗa masa inda littafin ke ɗingishi. Babin Leibniz mai ƙarfi ne, don Russell ya rubuta littafi guda a kansa tun 1900. Wajen Hegel da Nietzsche kuwa bai yi adalci ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya rubuta wannan tarihin, kuma zafin yaƙin ya shiga alƙalaminsa, har ya ce Hitler daga tunanin Rousseau ya tsiro, Roosevelt da Churchill kuma daga na Locke. Kierkegaard bai samu babi ba sam. Abin da ya fi damuna shi ne babi ɗaya tak da ya ba falsafar Musulmi, inda ya ɗauki Ibn Sina da Ibn Rushd kusan a matsayin masu sharhin littattafan magabata kawai, alhali Aquinas, babban masanin cocin Katolika, ya sha daga rijiyarsu sosai.

Malama mai karatu:
Maganin wannan shi ne haɗa shi da Frederick Copleston, limamin Katolika wanda ya rubuta tarihin falsafa juzu'i tara. Ya fi nauyi, amma yana barin kowane masani ya gama maganarsa kafin a yanke masa hukunci, musamman a zamanin tsakiya. Sannan ɗan'uwa, kafin ka buɗe babin Descartes, karanta tunane-tunanensa shida na 1641, wato littafinsa Meditations, da kanka. Gajeru ne, kwana shida sun ishe ka, ɗaya a rana.