Na samu tsohuwar aska 'yar Jamus, ya zan wasa ta in kuma canza mata ƙota?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan'uwa, don Allah masu sanin harkar aska ku zo ku taimaka min. Na tsinci wata tsohuwar aska a wajen masu kayan gwanjo, irin mai ninkewar nan da take shigewa cikin ƙotarta, ba fa irin ta shagon aski da ake karya reza biyu a maƙala ba, ita wannan ƙarfenta ne gaba ɗaya. A wuyanta an buga Solingen, ragowar rubutun ya shafe. Akwai tsatsa ɗigo-ɗigo a jikinta, ƙotar kuma kamar roba ce ruwan ƙwai, ta tsage ta wajen ƙusa har askar tana lilo. Takarda kam tana yankawa shar, amma da na ɗora ta a saje sai figar gashi kawai take har sai da na yi hawaye. Ni so nake in mayar da ita abin kallo, ƙotar ƙaho ko katako mai kyau, a ɗan yi mata zane a gadon bayanta irin wanda nake gani a YouTube, sannan ta yi kaifin da zan riƙa gyaran fuska da ita ran Juma'a. Wani abokina ya ce in kai wa masu injin washin nan da suke wasa wa mahauta wuƙa, wai minti biyu sun gama. Ya kuka gani?

Injiniya Kd:
Wa alaikumussalam. Ɗan'uwa don girman Allah kar ka bari askar nan ta ga injin washi. Bakin irin wannan aska siriri ne kamar ɓawon albasa, don an rarake gefenta biyu tun daga kamfani, da injin ya taɓa ta zafi zai kama bakin, za ka ga ya yi shuɗi-shuɗi, to ban ruwan da aka yi wa ƙarfen don ya yi tauri ya tashi kenan, ko shekara za ka yi kana wasawa ba za ta ƙara riƙe kaifi ba.

Abin da mutane ba su gane ba, aska ba a wasa ta yadda ake wasa wuƙa. Wuƙa kai ne kake ɗaga bayanta da hannu ka kintaci kusurwa, ita kuwa aska kwantar da ita ake yi sharaf a kan dutse, baya da baki duka suna taɓa dutsen lokaci ɗaya. Kaurin bayan nan shi ne ma'aunin, maƙeran sun lissafa shi ne yadda faɗin askar zai ninka kaurin bayan kusan sau uku da rabi, shi ke ba da kusurwar wajen digiri 16 zuwa 17. In faɗinta 5/8 na inci ne, wato wajen milimita 16, za ka samu bayan bai kai milimita 5 ba. Don haka hannunka ba shi da wani aiki sai turawa, baki a gaba, kana ɗan karkato ta daga gindi zuwa tsini yadda tafiya da dawowa za su yi alamar X, in ka kai ƙarshen dutse ka mirgina ta a kan bayanta, kar ka taɓa juya ta ta baki.

Duwatsu kuma hawa-hawa ne, lamba tana ƙaruwa dutse yana ƙara laushi. Lamba 1000 shi ke fitar da baki, kuma wlh nan ne duk aikin yake, wanda bai fitar da baki a 1000 ba ko ya sayi dutsen lamba 12000 ƙyalli kawai zai samu, figar nan tana nan. Ka samu maka baƙa, wato alƙalamin tawadar nan, ka shafa a bakin gefe biyu, ka yi 'yan zagaye a dutse ka duba a hasken rana, duk inda tawadar ta rage to dutse bai taɓa wurin ba, ci gaba. Sai ta fara aske gashin hannunka tun daga gindinta har tsini ba tare da ka danna ba, sannan ka hau 3000 ko 4000, ka je 8000, kana rage nauyin hannu har ya zama nauyin askar ne kaɗai a kan dutsen. Na Japan irin su King da Naniwa da Shapton su aka fi amfani da su. Kuma sabon dutse ma sai ka daidaita fuskarsa, ka zana layuka da fensir, ka shimfiɗa samfefa mai ruwa a kan gilashi ko tayil ka goga har layukan su ɓace gaba ɗaya.

Jikan Sarkin Aska:
Ikon Allah. Injiniya, duk lambobin ga da ka jero mu da munka tashi gidan wanzanci ba mu san su ba. Baba dutsi guda garai cikin zabira, ɗan ƙarami wanda tsakiya tai ta lotsa don tsufa, ya ɗiga mai ruwa ya wasa, ya goga ga hwata, ya ida bisa tahin hannu nai, kuma ya yi ma mutum ƙwal-kwabo har kai shina walƙiya babu ƙwarzane ko guda. Askar ma maƙerin gari na ya ƙera ta. Ni gani nikai kuna wahal da yaron ga da sayen duwatsun da kuɗinsu sun hi na askar. Ɗan Fagge ka nemi tsohon wanzami nan unguwarku ka gaishe shi ka ba shi ya duba ma, in ma bai karɓa ba ka zamna ka kalli hannu nai.

Injiniya Kd:
Ranka ya daɗe jikan sarki, ai ba a ja da ku a wannan fanni, hannun wanzami daban ne. Amma askar Baba da wannan ba iri ɗaya ba ne. Ta maƙera da kauri take saukowa har baki kuma yawanci ƙarfenta bai kai na kamfani tauri ba, shi ya sa take ɗaukar kaifi nan da nan, take kuma sakinsa nan da nan, ai ka ga ana cikin aski ma yana komawa tafin hannu. Ta Jamus ɗin tauri gare ta da rarakakken jiki, in an wasa ta daidai sai a yi watanni fata kawai ake goga mata. Kuma dutsen da tsakiyarsa ta lotsa shi ne abin tsoron, in ka kwantar da ita a kai baki ba zai zauna daidai ba. Shawarar ya je ya kalli hannun tsoho kam na yarda da ita ɗari bisa ɗari, musamman yadda ake jan fata da yatsa kafin a ɗora aska.

Maganar kuɗi kuma gsky ne. Wanda ba shi da hali ya je wajen masu sayar da kayan fentin mota ya sayi samfefa 1000 da 2000 da mafi laushin da suke da shi, ya manna a gilashi da ruwa, zai fitar da baki tsaf. Sai dai na ƙarshen nan mai laushi dole a nemo shi ko aro ne.

Mai Sassaƙa:
Ni ɓangaren ƙota zan yi magana don shi ne nawa. Kafin komai cire wannan robar ka ajiye ta nesa da askar, in ka gama zana siffarta sai ka jefar. Da yawan tsofaffin askan nan ƙotarsu seluloyid ce, wata irin robar zamanin da, ka goga ta da tsumma har ta yi ɗumi, in ka ji ƙanshin kafur to ita ce, kuma in ta fara lalacewa wani tururi take fitarwa mai cin ƙarfe, in ka lura tsatsar ta fi yawa a ɓangaren da ke shiga cikin ƙota to ka kama ɓarawonka. Kar ka kai ta kusa da wuta, kamawa take fuu. Ka goge kan ƙusar da ƙaramin magagari a hankali sai ka turo ta.

Kuma kwalliya ake fara yi, washi ne ƙarshe, in ka wasa ta sannan ka zo kana goge tsatsa yatsunka ne za su biya. Ka liƙe bakin da salatif, ka kwantar da ita a kan katako, samfefa 400, 600, 1000, 2000 da hannu da ɗan mai, ka gama da Autosol, man goge ƙarfen nan. Tsatsar jiki ba komai ba ce, wadda ta yi rami a daidai baki ita ce matsala don sai an ci ƙarfe an wuce ta. In akwai zanen ruwan gwal a fuskarta ka sani Autosol zai tafi da shi.

Ƙaho kuwa mu Allah Ya hore mana, Turawa oda suke yi mu kuma ga shi nan a abatuwa, ka zaɓi mai ratsin fari da baƙi, in an goge shi sai ka rantse gilashi ne. Ana tsaga shi a dafa ya yi laushi a matse tsakanin katako biyu har ya huce, amma ƙaho yana da taurin kai, yana son komawa lanƙwasarsa, don haka ka bar shi a matse ya jima kafin ka fara yanka, ka kuma riƙa shafa masa mai in hunturu ya shigo don kar ya yi saɓa. In ba ka son wannan rigimar ka nemi zuciyar kanya ko ƙirya da ta bushe sosai, ɗanyen katako zai murɗe maka. Ƙashin raƙumi ma yana kyau, fari tas. Hauren giwa dai kar ma ka fara, tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Ka ɗora tsohuwar ƙotar ka zana, kauri kar ya wuce milimita 3, ka haɗa fallen biyu ka huda su tare don ramukan su yi daidai. Ɗan abin nan da ake sakawa a tsakani ta ƙarshen ƙota ba shafaffe ba ne, gefe ɗaya ya fi kauri, shi ke sa fallayen su ɗan buɗe su riƙe aska in an rufe, masu koyo nan suke faɗuwa. Ƙusa wayar tagulla ce ta 1/16 na inci da 'yan ƙananan washa, sai ƙaramar guduma, ƙwas-ƙwas a hankali kana zagaya kan ƙusar, kana rufe askar kana dubawa ko tana shiga tsakiya ba ta gogar gefe. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, bugu ɗaya mai ƙarfi a nan ƙahon da ka sha wahala a kansa ya tsage.

Maman Hanif:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu ɗaya zan ƙara, askar gwanjo ba ka san fuskar da ta bi ba, ka wanke ta da sabulu ka goge da sifirit sosai, kuma in ta zama taka to taka ce kai kaɗai, ko ƙaninka kar ka ara wa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a busasshen jini tana da rai. Kar kuma a ce za a ƙona ta da ashana ko a jiƙa a bilic, na farko zai kashe ƙarfen, na biyu tsatsa zai jawo.

Bature Baƙi:
Ina gaisuwa daga Jamus. Solingen gari ne a nan da aka san shi da wuƙaƙe da almakashi da askake tun zamanin da, har doka ce ta kare sunan, ba kowa ke da izinin buga shi a kaya ba, ko da yake 'yan jabu ba su fasa ba. Dovo tun 1906 suke a garin, a Faransa kuma akwai Thiers-Issard tun 1884, na Sheffield ta Ingila irin su Wade & Butcher su ne masu kaurin nan da suka fi kama da ta wanzamanmu. Kuma jikan sarki bai yi ƙarya ba fa, su ma Turawan akwai masu dutse ɗaya, wani rawaya da ake haƙowa a yankin Ardennes na Beljiyam, Coticule sunansa, ana goga masa ɗan ƙaramin dutse ya yi kunu-kunu a fara da shi, ana ƙara ruwa ana tsinka shi har a gama da ruwa zalla. Tsada ce dai da shi. Shawarata ka sayi 'yar Chana mai arha irin Gold Dollar ka koyi hannu a kanta tukuna.

Ɗan Fagge:
Kai jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri, inji dai an fasa. Na duba kuma maganar Mai Sassaƙa haka take, tsatsar ta fi yawa a inda take shiga ƙota. Saura zanen gadon baya ba wanda ya ce komai, sannan na ga wasu suna liƙa baƙin salatif a bayan kafin su wasa, na mene ne? Fatar kuma bel ɗina zai yi?

Injiniya Kd:
Zanen baya ni ban ba ka shawara ba. Ƙarfen an riga an ba shi ruwa, magagari zamewa zai riƙa yi, masu yin wannan zanen yawanci kafin ban ruwa suke yi, in kuma ka matsa da ɗan injin hannu ka ci gefen bayan da ke kwanciya a dutse to ma'aunin da na faɗa maka ya lalace, bakin zai fito wani wuri faɗi wani wuri siriri. In kwalliya kake so ka zuba ta a ƙota, ka ga yadda maƙeran azurfa na Agadas suke dasa azurfa a baƙin katako, irin wannan a ƙotar kanya ai ya fi duk wani zanen baya.

Salatif ɗin na masu wayarin ne, yana hana dutse cin bayan, yana kuma ɗan ƙara kusurwa kaɗan. Wasu ba sa so, ni ina sawa falle ɗaya in tsohuwar aska ce da za ta daɗe a kan 1000. Sharaɗin kawai in ka fara da shi ka gama da shi, ka canza sabo in ya cinye, duk ranar da za ka sake washi kuma ka mayar da shi.

Bel in yana da ɗinki ko zane ko huda ba zai yi ba. Ka je Ƙofar Wambai wajen masu fata ka yanko ƙirgin saniya shafaffe marar tabo, faɗin yatsa uku zuwa huɗu, ka ɗaure a ƙusa ka ja shi ya miƙe. A fata baya ne ke yin gaba, baki yana binsa, akasin dutse, ka juya a kan baya, ba dannawa, zagaye 40 zuwa 50 kafin kowane aski. In ka gama ka tsane ta sosai har cikin ƙota, ka ɗiga mata man keken ɗinki a jiki da wajen ƙusa, musamman da damina, kuma kar ka ajiye ta a banɗaki.