Wai dole ne sai mutum ya bi ƙa'idar rubutu ko a hirar waya?

Uwar Adashi:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina da tambaya, abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ni ke riƙe da adashinmu na mata goma sha biyu, kowa na zuba dubu biyar duk sati, to ranar Juma'a kwasar wata ce sai na kai mata kuɗinta har gida na dawo na rubuta a guruf ɗinmu na WhatsApp "to jama'a an bata kudin fa", na ajiye waya na shiga kicin. Wallahi kafin in sauke tukunya na tarar da kira tara, wata har ta aiko yaronta. Ni nufina an ba ta kuɗin, su kuma suka karanta an ɓata kuɗin, wai an cinye zubin mutane. Mun fahimci juna daga baya amma sai wata anti a cikinmu ta tsaya a gaban kowa tana gyara min rubutu kalma kalma, har da cewa ban iya Hausa ba. Abin ya yi min ciwo sosai don ni a Kano aka haife ni, Hausar nan ita na sha a nono. Jiya dai ƙanena ya sa min allon rubutu na Hausa a waya shi ya sa kuka ga ina sa baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ. Tambayata ita ce wai hira ma sai an bi ƙa'ida kamar ana jarrabawa? Ko dai ita ce ta matsa?

Malamin Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai kin iya Hausa, wannan ba abin musu ba ne, iya magana daban iya rubutu daban, kuma yawancinmu ba a zaunar da mu an koya mana na biyun ba. Antin ta yi kuskure da ta yi miki a gaban mutane. Amma abin da ya same ki shi ne ainihin dalilin da ya sa aka yi ƙa'idar, kuma ki lura ba lanƙwasa ce ta jawo miki ba, tazara ce. Da kin raba kin rubuta "an ba ta" ko wayarki ba ta da ɓ babu wanda zai ruɗe.

Wannan haɗe kalmomi shi ne ciwon da ya fi damuna a aji. Wakilin suna ba ya mannewa da aikatau: ya yi, ta fi, ka sa, mu je. In ka haɗe "ya yi" ya zama yayi, wanda ake cewa atamfar da ake yayi. "Ban da" in ta haɗe ta zama banda, ta kifi ko nama. "Ka sa", "kasa" da "ƙasa" abu uku ne. Ki duba sunan jaridar nan da aka fara bugawa a garin nan namu a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, a rabe suka rubuta "ta fi", da sun haɗe da ya zama kamar ana korar gaskiya ana ce mata tafi. Kuma ƙa'idar ba yau aka fara ta ba, tun 1912 Hanns Vischer wanda ake kira Ɗan Hausa ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, duk ana neman yadda mutumin Sakkwato zai rubuta na Yola ya karanta ba tare da ya yi canke ba.

Abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne takardun ɗalibaina. Yaro ɗan aji shida na sakandare zai rubuta min "xan xo" da "qasa" da "gsky" a insha'i, ba don raini ba, hannunsa ne ya saba tun daga waya, kuma mai duba takardar WAEC ko NECO ba ruwansa da sabo, maki zai cire.

Na Kantin Kwari:
Malam Allah ya kara ilimi amma gaskiya ni ban yarda da duka ba. Kaga yanzu ma yadda nake rubutu babu lankwasa ko daya kuma nasan ka gane ni. Ni a shago nake, kwastoma na tsaye a gabana wani na kira daga Maiduguri wani na tambayar farashin shadda a WhatsApp, a ina zan samu lokacin tsayawa raba ya da yi? in nace slm ko ngd kowa yasan me nake nufi, kamar yadda muke gaisawa a tsaye ne a kasuwa. Sannan akwai wasu mutane a Facebook da basu da aiki sai gyara, mutum zai kawo magana mai nauyi akan tsadar abinci ko matsalar tsaro a kauyensu sai kaga wani yazo yace ba haka ake rubuta kaza ba, an bar jaki ana dukan taiki kenan, kuma wallahi nasan mutane masu hankali da suka daina sa baki a muhawara saboda tsoron a yi musu dariya, da yawansu makarantar allo suka yi, ajami suka iya, bokon da kansu suka koya a waya, ai yabo ya kamata ayi musu. Inda na yarda da ku shine maganar kudi, ni in harkar kudi ce bana rubutawa ma, murya nake turawa in fadi adadi sau biyu.

Ɗiyar Damagaram:
Sannunku. Ni abin da nike so a rarrabe shi ne karin harshe da kuskure, don a nan ne masu gyara ke zaluntar mutane. In na rubuta "mi ya faru" ko "ɗiyata" ko "shina zuwa" ba kuskure na yi ba, Hausar gidanmu ce, amma sau da yawa sai wani ya zo ya ce in gyara in rubuta irin ta Kano. Mu nan Nijar matsalarmu ma wata ce dabam, da Faransanci muka koyi haɗa baƙi, shi ya sa za ku ga ana rubuta "ina kouana" ko "tchiniki" ko "Haoussa", ni kaina sai da na girma na koyi cewa c ɗaya ta isa. Kuma mu ƴ muke rubutawa inda ku kuke sa 'y. Yanzu da aka mai da Hausa harshen ƙasa a 2025 ina ganin dole mu ƙara himma.

Amma ɗan'uwa na Kwari, taƙaita kalmomin nan akwai wanda yake korewa. Mahaifiyata a ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu, tana bin baƙi ɗaya ɗaya da yatsa, in aka rubuta cikakke tana karantawa da kanta ta yi murna, amma in jikokinta suka turo "y kk dftn kn lfy" sai ta miƙo min waya ta ce karanta min wannan ba Hausa ba ce. Kuma mu duba tsakani da Allah, wanda zai rubuta Faransanci ko Turanci sai ya duba sau uku kar a ce bai yi makaranta ba, in ya zo kan Hausa sai ya watsa yadda ya ga dama. Wannan kam yana ƙona min rai.

Uwar Adashi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar mama ta taɓa ni don a guruf ɗinmu ma akwai dattijai biyu da kullum sai sun kira ni in maimaita musu abin da na rubuta, ban taɓa kawo cewa rubutuna ne ba. Antin kuma zan same ta a gida mu yi magana, ba a guruf ba. Malam don Allah ƙarin tambaya ɗaya, "akan" da "a kan" wanne ne daidai? Kullum sai na tsaya a nan.

Malamin Hausa, Zariya:
Duka biyun suna nan Hajiya, aikinsu ne daban. In wuri ne ko batu sai ki raba: na ajiye a kan tebur, muna magana a kan adashi. In abin da aka saba yi ne sai ki haɗe: akan yi zubi ranar Juma'a.