Alƙali ya tsaya kan ma'anar farko, ko ya duba zamani?

Barista: Jama'a, ga matsayina. An rubuta tsarin mulkin Amurka a 1787, kuma alƙali ba shi da hurumin ba shi wata ma'ana sai wadda mutanen lokacin suka fahimta. Alƙalan Kotun Ƙoli tara ne, ba talakawa ne suka zaɓe su ba. In zamani ya canza a yi gyara, ai an yi sau 27.

Malama: Barista, gyaran nan sai da amincewar jihohi 38 cikin 50, kuma rabon da a yi tun 1992. Amma ga tambayata. Majalisar da ta tsara Gyara na 14, wanda ya fara aiki a 1868, a gabanta makarantun birnin Washington suke ware baƙar fata daga farare, ba ta hana ba. In fahimtarsu ce ma'auni, to hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Brown na 1954 da ya haramta wariyar kuskure ne ke nan?

Barista: A'a Malama. Abin da suka rubuta shi ne doka ta kare kowa daidai. Rubutun muke bi, ba halinsu ba.

Malama: To ai ka shigo gidanmu.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe, ya batun abin da ba su taɓa gani ba?

Barista: A 1992 jami'an gwamnati suka auna zafin gidan wani mutum da na'ura daga kan titi, suna zargin yana noman wiwi a ciki. A 2001 marigayi mai shari'a Scalia na Kotun Ƙoli, jagoran masu ra'ayina, ya rubuta hukuncin cewa wannan bincike ne, sai da sammacin kotu. Ƙa'idar 1791, wato Gyara na 4 da ya hana bincike ba bisa ƙa'ida ba, ce ta yi aiki.

Alhaji: Ni abin da ke damuna, 'yata Malama, a 1973 kotu ta ce akwai 'yancin zubar da ciki, a 2022 ta ce babu. Rubutun bai motsa ba, alƙalan ne suka canza.

Malama: Gaskiya ne Baba, amma mutanen lokacin ma ba su daidaita ba. A 1791 Jefferson, sakataren harkokin waje, ya ce gwamnati ba ta da ikon kafa bankin ƙasa tunda ba a ambata ba, Hamilton, sakataren baitulmali, ya ce tana da shi. Shugaban ƙasa George Washington, wanda ya shugabanci taron rubuta tsarin mulkin a 1787, ya sa hannu kan dokar kafa bankin. Fahimtar wa za mu ɗauka, Barista?