Wai da gaske Jackie Chan bai taɓa sa wani ya tsaya masa a fim ba?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Ni dai matsayata ɗaya ce. Tun da Jackie Chan ya yi suna a 1978, duk wata kasada da aka gani a fim ɗinsa da jikinsa ya yi ta. Shaida tana nan a ƙarshen finafinan, inda ake nuna faɗuwa da jini da yadda ake ɗaukarsa ranga-ranga. Ko hukumar kundin bajinta ta Guinness a 2012 shi ta ba kambun wanda ya fi kowa yin kasada a cikin jarumai masu rai.

Malam Habu Edita: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kalmar "duk" ce ta ɓata maka magana. Kambun nan cewa ya yi ya fi kowa, bai ce ba a taɓa tsaya masa ba. A wurin ɗaukar Rumble in the Bronx a Vancouver ta Kanada ya yi tsalle zuwa kan jirgin ruwan nan mai tafiya a kan iska, ya karya idon sawunsa na dama. Aka yi masa ɗori, aka zura wata safa a kai wadda aka yi wa fenti kamar takalmin kambas, ya ƙarasa aikin a haka. Fim ɗin da ya biyo baya, Thunderbolt na 1995, ƙafar ba ta gama warkewa ba, don haka wasu ne suka yi masa yawancin shure-shuren. Ka sake kallon faɗan gidan cacar nan a hankali. Duk inda ƙafa ta tashi sama, ƙeya za ka gani, fuska sai an dawo kusa.

Sadi: To ai shi ke nan, magana ta ƙare. Wayar ƙarfe ce da ake ɗaura wa mutum da siddabarun kyamara, ana yi mana rufa ido.

Maman Hanif: A'a Sadi, ka tsallake rijiya ka faɗa kogi. A Project A na 1983 ya saki hannun agogon bene ya faɗo daga tsawon da ya kai kusan ƙafa 60. Rumfunan tamfol biyu kawai aka shirya su tare shi, su yage ɗaya bayan ɗaya don su rage masa gudu. Matsalar wannan tsari ita ce rumfar farko tana juya jikin mutum, ba shi da ikon zaɓar yadda zai isa ƙasa. Shi ya sa ya sauka a kan wuya. A Police Story na 1985 kuma ya kama sandar ƙarfe a cikin kantin zamani ya zamo ƙasa, ga ƙwayayen fitila zagaye da ita suna fashewa. Fitilun sun riga sun gasa ƙarfen, tafin hannunsa ya ƙone, ƙugunsa ya goce, bayansa ya bugu. Sau ɗaya aka ɗauka da kyamarori da yawa, shi ya sa a fim ake nuna zamowar sau uku ta kusurwa daban-daban.

Malam Habu Edita: Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma Sadi ma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, dabaru suna nan, Jackie da kansa ya tona su a shirin da ya fitar a 1999. Kyamara takan ɗauki hoto 24 a daƙiƙa. A Hong Kong sukan sauke ta zuwa 22 a wurin faɗa, idan aka kunna a 24 sai saurin ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, ido ba ya ganewa. Ka sauke ta ƙasa da 20 kuwa, mutane sun koma kamar 'yan tsana. Ana barbaɗa hoda a takalmi da riga don idan duka ya sauka ƙura ta tashi. Shurin da ake nunawa dab da fuska, sau tari hannu ne aka sa wa ƙafar wando da takalmi, saboda hannu ya fi ƙafa sanin inda zai tsaya. Wayar kuma yawanci a jikin wanda aka doka take, ana fizgo shi baya. Idan masu ja suka riga dukan ko da ƙiftawar ido ne, an sake ɗauka ke nan. Sai aikin edita: ya nuna dukan daga nesa, ya yanka zuwa kusa ya maimaita 'yan hotuna biyu ko uku, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su su zama duka ɗaya mai nauyi.

Ɗan Fagge: Malam, hoda da safa ba mutum ba ne. Ni maganata a kan wanda zai hau sama ya diro.

Baban Khalifa: Nan ma sai an rarrabe. Ƙungiyarsa ta 'yan kasada ba ado ba ce. Ka'idar aikin ita ce wani ya fara gwada tsallen, a auna nisa, a gyara wurin sauka, sannan jarumi ya hau. Wurin saukar kwalaye ne da babu komai a ciki, a jera su hawa-hawa gwargwadon tsawon faɗuwar, a ɗaure da igiya kada su baje, a shimfiɗa katifa a sama. Dole mutum ya sauka kwance a bayansa. Wanda ya zo da ƙafa huda su zai yi ya wuce ƙasa. Ko tsallen nan daga saman gidan ajiye motoci zuwa barandar wani bene a Rumble in the Bronx, darakta Stanley Tong ne ya fara yin sa kafin Jackie. Kuma sau da yawa abin da ke jawo a sa wani ba tsoro ba ne, ƙwarewa ce. Tuƙin tsere da wasu nau'o'in alkafura suna da gwanayensu, kuma jarumin da yake darakta a lokaci guda ba zai iya tsayawa gaban kyamara da bayanta a kowace fitowa ba.

Maman Hanif: Abin mamaki ma, wadda ta kusa kashe shi ba babba ba ce. A Yugoslabiya wurin ɗaukar Armour of God, tsalle ne daga katanga zuwa reshen bishiya. Ya yi na farko lafiya, bai gamsu ba ya ce a sake. A na biyun reshen ya karye, ya faɗo kansa ya bugi dutse, ƙoƙon kai ya fashe har ƙashi ya shige ciki. Aka yi masa tiyata, har yau akwai roba a gurbin, kunnensa ɗaya bai koma ji sosai ba. Irin wannan ƙananan tsallen su ake rainawa ba a jera musu kwali yadda ya kamata.

Sadi: To The Tuxedo fa? Da The Medallion? Kada a ce min nan ma ba waya.

Baban Khalifa: Waɗannan na ba ka su, 2002 da 2003 ne, yana dab da shekara hamsin, ga waya ga kwamfuta ga masu tsaya masa. Aiki da Amurkawa daban ne. Kamfanin inshora yana da baki a kan abin da jarumi zai yi, saboda idan ya karye aikin miliyoyin daloli ya tsaya. Kuma a can faɗa guda kwanaki kaɗan ake ba shi, a ɗauka ta kowace kusurwa a miƙa wa edita. A kamfanin fim na Golden Harvest na Hong Kong sau da yawa shi ne darakta, shi ke tsara faɗan gutsure-gutsure, kowane gutsure da inda kyamara za ta tsaya, ya yi ta maimaitawa makonni babu mai ce masa lokaci ya ƙure.

Ɗan Fagge: Na janye Thunderbolt da na Amurka. Amma daga Project A zuwa Police Story 3 na 1992, inda ya rataye a tsanin igiyar jirgi mai saukar ungulu a saman Kuala Lumpur, ina nan a kan bakana.

Malam Habu Edita: A manyan da ake nuna fuskarsa tun daga tashi har sauka ba a yanka ba, ina tare da kai. A ƙananan da ke tsakani, ka rage gudun bidiyon zuwa rubu'i ka ƙirga mana fitowa nawa aka nuna ƙeya kawai a faɗan filin wasan yara na Police Story 2, sai mu ɗora daga nan.